Lasisin da Na Yanka da Sunan Baba

Shagona yana bakin titi a Tudun Wada, tsakanin mai kemis da mai gyaran waya. Aikina buga takardu: wasiƙar neman aiki, katin ɗaurin aure, takardar cinikin fili, duk abin da mutum ya rubuta da hannu yake so ya fito da kyan gani. Waɗannan na man janareto ne da cefane. Aikin da ke riƙe da shagon guda ɗaya ne, takardun jarrabawar wata makarantar kuɗi da ke bayan tasha. Sau uku a shekara suke zuwa, kuma da su nake biyan haya.

Mai makarantar wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga koyarwa, mace marar yawan magana, wadda idan ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi tun kana aji uku. Tana da tsarinta. Malamai su rubuta tambayoyi da hannu su ba ta, ita ta kawo mini da kanta a cikin jaka. Idan na gama bugawa sai ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta sa in canza wannan tambaya, in juya waccan, yadda ko malamin da ya rubuta ba zai san abin da zai fito ba. Daga nan ta kwashe na hannun ta kai gida ta ƙone. Ta taɓa gaya mini cewa ta zaɓe ni ne don ba ni da ɗa a makarantarta, kuma ba na zaman majalisa.

Shekaru na yi ina aiki da manhajar rubutu ta sata, irin wadda mai haɗa kwamfuta ke zuba maka kyauta ya ce kowa ma da ita yake aiki. Da farko jan layi kawai take nunawa a sama, ina yi kamar ban gani ba. Daga baya ta fara rufe kanta ana tsakiyar aiki. Ran da ta haɗiye mini lissafin aji biyar gaba ɗaya, Hajiya na zaune tana kallo, na rantse sai na sayi ta gaskiya ko da zan yi wata ina shan gari.

Da kaka ta yi, katunan biki suka kawo ɗan abin hannu, na hau mota na tafi Kano wajen wani mai sayar da kayan kwamfuta. Ya shimfiɗa mini hanyoyi uku. Akwai ta kyauta, halal ce, ba ta sata ba. Wannan na riga na gwada ta mako guda, ta wargaza mini wasullan Larabcin darasin addini, ta kuma karkata lissafin da ake jerawa sama da ƙasa, don haka ban ɓata lokaci a kanta ba. Akwai wadda ake biya sau ɗaya, amma kuɗinta ya kai duk abin da nake tarawa don sabuwar firinta, kuma an ɗaure ta a kwamfuta ɗaya. Da irin wutarmu, wadda ke zuwa da fushi ta tafi da fushi, ɗaure dukiya a jikin na'ura ɗaya bai kwanta mini ba. Ta ukun ita ce ta shekara-shekara. Kuɗinta a hannu ya fi sauƙi, tana hawa kwamfuta fiye da ɗaya, kuma duk abin da ka buga tana adana maka shi a intanet, ko na'urar ta ƙone aikinka na nan. Na lura kuma idan na yanka a lokacin, sabuntawar za ta riƙa faɗowa da kaka, lokacin da ake da kuɗi. Na ji kaina ya yi girma da wannan dabara. Har yau ina ganin zaɓin daidai ne, kuskuren a wajen cike fom na yi shi.

A gidanmu ba a sayen babban abu da sunan yaro. Keken ɗinkin yayata, babur ɗin ƙanena, janareton shagona, takardar hayar shagon ita kanta, duk sunan Baba ne a jiki. Ba ya taɓa kuɗin kowa, bai ma san inda rasit ɗin suke ba. Girmamawa ce da neman albarka, kuma ni mace mai shago na san amfanin mutane su ji cewa akwai dattijo a bayan wurin. Saboda haka da fom ya tambayi sunan mai lasisi da lambar wayarsa, hannuna bai ko tsaya ba. Mai sayar da kayan ya tambaye ni ko lambar a hannuna take. Na ce ta gidanmu ce. Ya ɗaga kafaɗa ya danna, Baba yana gida a lokacin, ƙanena ya karanto mana lambobin da aka tura, aka gama.

Wata takwas ban sake tuna zancen ba.

Jarrabawar zango na uku tana faɗowa tsakiyar damina. Mako uku muka yi da Hajiya muna aiki, muka gama ranar Alhamis, ta kwashe na hannu ta tafi ƙonawa. Saura bugawa a takarda kawai, za a fara jarrabawa Litinin da safe. Ranar Juma'a da la'asar hadari ya haɗu, na tashi yin salla ban zare komai daga soket ba. Tsawa ta faɗi kusa, na ji wani ƙas daga ƙarƙashin tebur, sai ƙauri. Kwamfutar ba ta sake kawowa ba.

Ban firgita ba, har wani alfahari na ji, don irin wannan ranar na biya kuɗina. Na jawo tsohuwar laftof ɗin da na fara sana'a da ita, na kakkaɓe ta, na shiga da imel da kalmar sirri. Sai manhajar ta ce ba ta san wannan na'urar ba, ta tura lambobi shida zuwa wayar mai lasisi, in shigar da su cikin minti goma. Ta nuna mini ƙarshen lambar wayar. Ta Baba ce.

Duk damina Baba ba ya zama a gari. Yana da gonar masara a wani ƙauye can cikin Doguwa, kusa da duwatsu, inda yake sauka a gidan baffana har a yi girbi. Ƙauyen babu sabis. Akwai wani dutse a bayan gari da mutane ke hawa idan suna son waya, Baba kuma yakan hau shi da safe bayan ya sha kunu, ya ga ko an neme shi. Na kira har magariba, ba ta shiga. Na yi tunanin kai kwamfutar wajen mai gyara ya ciro abin da ke cikinta. Mai gyaran da ke garinmu 'ya'yansa biyu suna makarantar Hajiya. Na Kano kuma sai Litinin zai ce in dawo. Ko da a ce zai yi a take, ba ni da izinin ɗora tambayoyin Hajiya a teburin wani.

Asabar da safe na buɗe shago tun kafin mai kemis. Layina na kullum sabis ɗinsa ya ɗauke tun tsawar jiya, sai na yi ta kira da ɗaya layin, wanda Baba bai sani ba. Wajen ƙarfe takwas da rabi ta shiga. Na danna a turo lambobin, na yi gaisuwa a gurguje, muryar na yankewa tana dawowa.

"Baba, ni ce. Saƙo zai shigo wayarka yanzu, lambobi shida. Don Allah ka karanto mini."

Ina jin iska tana busa wayar. Sannan ya tambaya wace ce. Na sake faɗa, na faɗi sunana, na faɗi sunan mahaifiyata.

"'Yata ta ce ko muryarta na ji kada in bayar," in ji shi. "Allah ya shirye ki."

Ya kashe. Na sake kira, wayar a rufe.

Ni na koya masa. Bara, da aka yashe asusun wani maƙwabcinmu ta waya, na zaunar da Baba a tabarma na yi masa karatu har sau uku. Na ce duk wanda ya kira ya nemi lambar da aka turo, ɓarawo ne. Na ce suna iya kwaikwayon murya, suna iya sanin sunan kowa a gida. Na ce ya kashe wayar kawai. A duk abin da na taɓa gaya wa Baba a duniya, daga maganin hawan jini zuwa rage goro, wannan kaɗai ya riƙe. Haushi ya cika ni har na buga tebur, kuma ban san wa nake jin haushi ba, shi ko ni.

Ina cikin haka motar Hajiya ta tsaya. Ba ta shigo ba, ta sauke gilashi ta tambayi yadda aiki ke tafiya. Na tsaya a bakin ƙofa na tare ƙaurin da jikina, na ce ana kai. Ta ce gobe bayan la'asar za ta zo ta kwashi komai, don ta raba su a ambulan aji-aji. Na ce Allah ya kai mu. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar.

Lissafin a fili yake. Bugawa da ɗinkewa na cin yini guda cur. Idan na je na dawo a ranar, in fara da asubar Lahadi, zan iya cim mata da ƙyar. Na tayar da janareto na cika laftof da caji, duk da na san batirinta ba ya kai awa ɗaya. Na naɗe ta a leda biyu saboda ruwa, na sa a jaka, na rufe shago.

A tasha motar Doguwa saura mutum uku ta cika. Mutum ukun nan sun ɗauki fiye da awa. Sau biyu na buɗe baki in ce zan biya kujerun, sau biyu na tuna kuɗin dawowa da na mai. Da muka shiga daji hira ta mutu a motar, kamar yadda take mutuwa kullum a wurin, kowa na kallon gefen hanya yana motsa leɓe da addu'a don tsoron 'yan fashi. Na tambayi direba ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tasowa daga Doguwa. Ya ce idan biyar ta wuce ba direban da zai shigo dajin nan, ko nawa za a ba shi.

Daga Doguwa ɗan acaɓa ya ɗauke ni. Hanyar duk taɓo, sau biyu na sauka na taka da ƙafa, a wani rafi kuma na ɗora jakar a ka na tsallaka, ruwa har gwiwa. Uku ta gota muka isa.

Baba yana gona ana zuba taki. Da ya hango ni ya saki kwanon hannunsa, don ba a ganina a ƙauyen haka kawai, ya ɗauka rasuwa aka yi. Na durƙusa na ce lafiya lau. Daga nan aka shiga gaisuwa, kuma gaisuwar Baba ba a yanke ta. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi mijina, yayata da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ƙanena da babur ɗinsa, limamin unguwa, ruwan sama a wajenmu. Ya ce mu je gida in sha ruwa. A gida baffana ya sake sabuwar gaisuwa daga farko, matarsa ta kawo fura, ta ce tuwo na kan wuta. Ina amsawa ina murmushi, ina satar kallon inuwar katanga tana tsawo. 'Ya ba ta zuwa wajen ubanta daga nesa ta fara da buƙata, ko gidanta ke ci da wuta.

Kafin in samu bakin magana Baba ya riga ni. Ya gyara zama, fuskarsa cike da jin daɗi, ya ce yana da labari. Yau da safe wata ɓarauniya ta kira shi, murya sak tawa, har sunan mahaifiyata ta sani. Ya ce ya tuna karatuna ya yi mata abin da ya dace. Baffana yana gyaɗa kai, da alama ya riga ya ji labarin sau da yawa, ƙila duk ƙauyen sun ji.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ni ce."

Ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗi haka ba. Ya kalli baffana, ya kalli ƙasa. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, ke na ce wa Allah ya shirye ki?" Na ce daidai ya yi, abin da na ce ya yi ke nan, laifin nawa ne. Na yi masa bayani gwargwadon yadda zai shiga: na sayi izinin aiki da wani abu a kwamfuta, na sa sunansa da lambarsa kamar yadda muke yi, yanzu makullin aikin mutane yana cikin wayarsa. Ya ce to ina amfanin zama. Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda daga naɗinta. Ashe bayan ya kashe wayar har layin ya cire ya ƙunshe, don kada ɓarauniyar ta shigo ta ciki. Na mayar masa da shi cikin wayar.

Muka hau dutsen, yana gaba da sandarsa, ina binsa da jaka. Huɗu da kwata. A sama akwai wani lebur ɗin wuri da ƙafafun mutane suka goge. Na zauna na buɗe laftof, na haɗa ta da datar wayata, sabis sanda ɗaya, yana zuwa yana tafiya. Baba ya tsaya ya ɗaga wayarsa sama da hannu biyu. Na danna a turo. Muka jira. Minti goma suka cika saƙo bai zo ba. Na sake dannawa. Sai ga na farkon ya shigo, wanda ya riga ya mutu, na shigar da shi aka ce ba daidai ba. Batir ya sauka ƙasa da rabi. Hadari kuma ya fara haɗowa ta gabas, Baba yana kallonsa yana kallona.

Na biyun ya shigo saura minti biyu ya mutu. Baba bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya karanto su ɗaya-ɗaya da ƙarfi, kamar mai kiran awo a kasuwa. Shafin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan ya buɗe. Ga su nan, aji ɗaya har aji shida, da ƙananan sakandare. Na fara sauke su cikin laftof ɗin, kowanne yana jan ƙafa. Ban san ina kuka ba sai da hawaye ya ɗiga a kan madannai.

Da na ƙarshe ya sauka batir saura kaɗan, amma zai isa abu ɗaya. A gefen shafin akwai wurin canza lambar waya. Saƙo ɗaya kawai za a sake turowa, Baba ya karanto, in sa tawa, shi ke nan har abada. Na kai yatsana wurin. Na ɗaga kai na dube shi, dattijo a tsaye kan dutse, hannuwansa a sama har yanzu don ban ce ya sauke ba, kunyar abin da ya faɗa mini da safe ba ta bar fuskarsa ba. A ranar da ya kira ni ɓarauniya bisa kuskure, a ranar zan ce masa zan cire sunansa daga kayana? Zai ɗauka hukunci ne. Na ce a raina wani lokaci, idan ya dawo gida da kaka. Na rufe laftof na ce an gama, Allah ya saka da alheri.

Muna saukowa ruwa ya kece. Biyar ta riga ta wuce ko da babu ruwan. A ƙauyen na kwana.

Lahadi rafin ya cika, sai da muka jira ya ja. Ban isa shago ba sai bayan azahar. Na tayar da janareto na fara bugawa, ko mayafina mai taɓo ban canza ba. Lokacin da motar Hajiya ta tsaya, aji ɗaya da aji biyu kaɗai suka fito, ko ɗinke su ban yi ba.

Ta shigo ta dubi tebur, ta dubi mushen kwamfutar a ƙasa, ta dubi ƙafafuna. Ban jira ta tambaya ba, na faɗa mata komai, har da cewa jiya da na ce ana kai babu abin da ake kai. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye jakarta, ta ja kujera, ta ɗauki abin ɗinke takarda ta fara haɗa na aji ɗaya. Muka yi aiki kusan awa, janareto da firinta na ta ƙara. Har na fara jin sanyi a raina, na ce ƙila ta wuce.

Can ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, yanzu lambar wa ke kan abin.

Na ce ta Baba.

Ta ajiye takardun hannunta. "Kina zaune kusa da shi, waya a hannunsa, kika sauko ba ki canza ba?"

"Mahaifina ne, Hajiya. Ban iya ba."

"Na sani," ta ce. "Da ni ce ma ƙila ba zan iya ba. Amma gobe da safe yaran mutane za su zauna a gabana, kuma iyayensu ba su san babanki ba."

Ta ɗauki takardun ta ci gaba da ɗinkewa. Muka fitar da na Litinin da Talata a ranar, sauran na bi su a cikin mako, kowace takarda ta isa aji kafin a buga ƙararrawa. Babu yaron da ya san an yi wani abu. Ta biya ni cif, har ta yi mini sannu da ƙoƙari. Da Baba ya dawo da kaka na canza lambar, bai ma ɗauki abin da zafi ba, ya ce da ma ya gaji da tsoron wayar nan. Wannan ya fi komai ci mini rai, don da na tambaye shi a kan dutsen, abin da zai ce ke nan.

Na so in gaya wa Hajiya an gyara, na yi ta jiran ta zo da jakarta. Da jarrabawar zangon farko ta matso na sayi takardu da tawada na ajiye, na share kujerar da take zama. Wata Talata da hantsi ina bakin shago na hango motarta ta taho daga bayan tasha. Na miƙe tsaye. Ta rage gudu saboda ramin da ke gaban kemis, na ga jakar a kujerar gaba. Ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata, ta wuce ta ɗauki hanyar Kiru, inda akwai wani mai buga takardu.